Farantinki na Bara

Inna Kamala,

Ina gaishe ki da kyau. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma Hausarki ba ta wuce "sannu" ba. Wataƙila shi ya sa na iya rubutawa.

Dipabali ta zagayo, bikin fitilunku na Tamil. Shagunan unguwarmu ta La Chapelle sun cika da kayan zaƙi, amma ƙofarki da ke kallon tawa ba fitila ko ɗaya. Wasu ɗalibai ne a ɗakin yanzu.

Shekara biyar, duk bikin nan, kina ƙwanƙwasa mini da faranti a rufe: muruku mai murɗi kamar alkaki, da wainar shinkafa da mazarƙwaila. Kashegari in mayar miki da shi da dabino, in ce ya yi daɗi. Inna, ƙarya nake yi. Ban taɓa ɗanɗanawa ba. Na ɗauka an kai shi gaban gumakanki, sai in ƙulle a leda in kai shara, ina sanɗa kar mu haɗu. Me ya hana ni tambayarki, ni da surutu bai taɓa yi mini wuya ba?

Makon jiya na kira 'yarki Mina a birnin Lyon. Cikin hira ta ce rabona kike fara soyawa, da sabon mai, ki rufe ki ajiye kafin ki kai komai wurin ibada, don kin san ni Musulma ce. Ashe tsayuwa biyu kike yi a kan gwiwar nan mai ciwo. Sai da na zauna a ƙasa. Na ji kunya, har yanzu ina ji, kuma ban faɗa mata shara nake kai shi ba.

Ta ce gidan da aka yi rasuwa ba ya suya a shekarar, maƙwabta ne ke kawowa. Ita kuwa baƙuwa ce a Lyon. Wa zai kawo mata?

Na sayo garin shinkafa na gwada soya muruku. Rabi ya ƙone, sauran ya karkace. Da kin gani da kin yi dariya. Gobe zan hau jirgin ƙasa in kai mata a farantinki na bara, wanda ban mayar ba har aka kai ki asibiti.

Kafin in rufe na ɗauki ɗaya na ci. Ko haka naki yake? Ba ni da yadda zan sani.

Ki yafe mini, Inna. Ki huta lafiya.

'Yarki ta ƙofar da ke kallon taki,
Rakiya