Tallan Man Shanun Gwaggo Fatu

Kaduna, Maris 1983

Zuwa ga Gwaggo Fatu, Birchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da shanu. Na sa su a gaisuwar ne don a kansu nake da magana.

Gwaggo, kin san bara na faɗi jarrabawa, makaranta ta ba ni dama ta ƙarshe. Aikin da zai fitar da ni bana shi ne in shirya tallan talabijin na rabin minti. 'Yan ajinmu duk sun rufu a kan sabulu da lemon kwalba. Ni kuwa na ce man shanun Gwaggona zan tallata.

Ga yadda na tsara. Hoto na farko, hantsi ya fito, kina tsugune kina tatsar Alawa. Kin dai tuna ni na raɗa mata sunan, ranar da ta lashe mini alawa a hannu tana 'yar maraƙa. Na biyu, kina kaɗa gora. Na uku, mai yana narkewa a kan tuwo, sai murya ta ce, "Man shanun Gwaggo Fatu, babu irinsa a ƙasar Katsina!" Makaranta za ta ara mana kyamara wuni guda tak. Abokina Yunana, ɗan Dutsin-Ma, shi zai riƙe ta.

Don Allah kada ki ce a'a. Ki ba Ɗanmusa direba amsa ranar kasuwa.

Ɗanki,
Labaran

*

Birchi

Da sunan Allah Mai rahama. Zuwa ga ɗana Labaran, gaisuwa da sa albarka. Ka yi haƙuri da ajamina, idon ya fara gajiya.

Na karanta takardarka har na yi dariya ni kaɗai. Tun da na goya ka ban taɓa hana ka abin karatu ba, yau ma ba zan fara ba. Sai dai abu biyu. Fuskata kada ta shiga akwatin nan, hannuwa sun isa, ai su ke aikin. Sannan maganar babu irinsa, ka cire ta. Ni ban ɗanɗana man dukan ƙasar Katsina ba, ta yaya zan shaida? Ka ce dai mai kyau ne, ba a haɗa shi da komai. Wannan zan iya tsayawa a kai ko a gaban wa.

Ka gaishe da shanu, sun amsa. Amma ka sa mu a addu'a. Garken maƙwabcinmu Rabe ba lafiya, idanunsu na hawaye, sun daina kiwo. Ana cewa bushiya ce, annobar shanun nan, ta shigo ta wajen Kuki. Ban gani da idona ba, don haka ban ce ita ce ba. Na dai matsar da turakuna bayan rumbu.

Allah Ya yi maka albarka.
Gwaggonka Fatu

*

Kaduna, Afrilu 1983

Gwaggo, barka da war haka.

Kin kashe mini talla da gaskiya! Yunana ya yi ta dariya, wai duk duniya ni kaɗai ne mai tallan da mai kaya ke rage wa kayanta daraja. To na cire. Malaminmu ya duba tsarin ya sa hannu, har ya ce hoton tatsar nan shi ne ran aikin. Daga yanzu ba dama in canza. An ba mu ranar kyamara, ƙarshen wata. Ki wanke Alawa ta yi ƙyalli.

Ba ki sake cewa komai a kan garken Rabe ba. Ina ɗauka an samu sauƙi.

Labaran

*

Birchi

Ɗana, assalamu alaikum.

Na daɗe da alƙalami a hannu. Na so in yi shiru har ka gama, amma in na bar ka ka ɗauko kayan makaranta a kan abin da babu, na cuce ka.

Bushiya ce. Garken Rabe ya ƙare. Namu ta fara da maraƙi, sai uwarsa, sai sauran, ɗaya bayan ɗaya. Masu allura sun zo, Allah Ya saka masu, amma ciwon ya riga ya shiga. Alawa ce ta ƙarshe. Bakinta ya yi gyambo, na riƙa dama mata kunu ina ɗura mata da ludayi, tana kallona. Ranar Juma'a muka rufe ta a bayan gari. Ko fatar ba a ɗauka ba.

Da asuba har yanzu ina ɗaukar ƙwaryar tatsa in nufi turke, sai na kai tsakar gida in tuna.

Akwai kwalba guda ta man da na soya tun tana da lafiya. Ita kaɗai ta rage. Na ba Ɗanmusa ita da wannan takarda ya kai gidan su Yunana a Dutsin-Ma, su aika maka.

Gwaggonka

*

Dutsin-Ma

Gwaggo,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na iso da kyamara, mahaifiyar Yunana ta miƙo mini takardarki da kwalbar, ba ta samu mai kai mini su Kaduna ba. Na kasa cin abinci.

Ki saurare ni, Gwaggo, kada ki yi saurin amsawa. Akwai wani dillali a kara, kasuwar shanu, yana da jar saniya lafiyayya mai kama da Alawa, ya yarda mu ɗauke ta a hoto. Ke dai ki biyo Ɗanmusa gobe ki tsuguna ki tatse ta. Hannuwa kawai. Ba a talabijin za a nuna ba, wallahi, malaminmu ne kaɗai zai gani. In babu hoton tatsa, babu aiki, in babu aiki sun sallame ni. Shanun da kika riƙa sayarwa don karatuna, duk a banza ke nan?

Ina jiranki a tasha.

Labaran

*

Birchi

Ɗana,

Ka ce malaminku kaɗai zai gani. To shi malamin ba mutum ba ne? Zai ga hannuna a jikin saniyar wani, a ce masa tawa ce, a ce masa mai na nan Birchi ga mai so. Ni kuwa ko na shafa wa jariri ba ni da shi.

Na sa mayafi, na kai har bakin hanya. Motar Ɗanmusa ta tsaya, ya ce, "Gwaggo, shigo mana, gaba na ajiye maki." Ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ya jira har fasinja suka fara guna-guni, sannan na ce ya tafi, na dawo gida na rubuta wannan takarda don ya kai maka a sawu na biyu.

Kwalbar nan gaskiya ce, ɗauki hotonta. Turken ma yana nan da igiyarsa, in kana so. Abin da nake da shi ke nan. Ka yafe mani.

Gwaggonka

*

Kaduna, Yuni 1983

Gwaggo, ina gaisuwa.

Kin ga abin da muka ɗauka ranar da muka zo: turke, igiya, hannunki riƙe da kwalba. An nuna a aji. Babu wanda ya yi dariya. Da aka kunna fitila malam ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce, "Labaran, talla na ce ka yi, ba ta'aziyya ba. A ina mai kallo zai sayi wannan man?" Na ce babu inda zai saya.

Sakamako ya fito jiya. Babu sunana.

Ban yi fushi da ke ba. Ban dai san da wace fuska zan shigo Birchi ba.

Labaran

*

Birchi

Ɗana Labaran, assalamu alaikum.

Kullum bayan salla ina tambayar kaina ko da na hau motar nan. Har yau ban samu amsa ba.

Ka shigo da fuskar da ka fita da ita, ita na sani. Na share ɗakinka. Dawa ta rage kaɗan a rumbu, za ta kai mu wani lokaci.

In akwai saura a kwalbar, ka taho da ita. Tuwon ba shi da mai.

Gwaggonka Fatu