Umma, An Hana Mu Tambayar Mutanen Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi ta unguwar Nuzla a Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa 'yarki, wadda kika sha wahala kika kai jami'a, an mayar da ita aji domin a koya mata gaisuwa.

Kin san kamfaninmu, mai jigilar kayan 'yan kasuwa daga Jidda zuwa Kano da Damagaram. Ni ce a kan waya, tunda ni ce mai Hausa. Bara aka ɗauko mana wata ƙwararriya daga Turai, mai murmushin da ba ya gajiya, ta koya mana zama da mutane mabambanta. Mu fa, Umma. A ofishin da Basudane da Bamisire da ɗan Indiya suke haɗa hannu a kwanon waken ful ɗaya kowace safiya.

Ba zan zalunce ta ba, akwai dalili. Wani ma'aikaci ne ya addabi wata abokiyar aikinmu da tambayar yaushe za ta haihu, har ta shiga banɗaki tana kuka. Da ni ce, shi zan kira in ja masa kunne, halas, an gama. Amma kamfani ba ya son kiran mutum ɗaya, ya fi son doka. Sai ga doka: ba a tambayar kowa iyalinsa ko lafiyarsa, ba a sa addu'a cikin maganar aiki, ko da ma'aikaci ake magana ko da abokin ciniki. Sallama kanta sai da aka yi zama a kanta kafin a bar mana.

Ranar al'adu kuwa an ba ni tebur mai tutar Najeriya, ƙasar da na fi sani a bangon fasfo. An ce in ɗaura ɗankwali babba, an ɗauke ni hoto, an manna a bakin lif. Ashe ana son al'adata, muddin ba za ta buɗe baki ba.

Na tuna yadda kike tsayar da ni a tsakar gida idan baƙuwa ta zo. Ina kwana, ina gajiya, in juya zan gudu, sai ki ce, "Ke Zainabu, dawo. Ba ki tambayi mutanen gida ba." A lokacin haushi nake ji. Yanzu ga shi ana biyan wata kuɗin jirgi da otal ta zo ta warware tarbiyyarki.

Akwai wata Hajiya Mariya, 'yar kasuwar Damagaram, wadda ta daɗe tana shigo da abaya da darduma ta hannunmu. Watan jiya ta kira a kan kayanta, na ji muryar ba tata ba ce. Na tambaya. Ashe maigidanta ya rasu, tana cikin takaba. Na yi abin da ke za ki yi. Na yi mata ta'aziyya, na yi wa mamacin addu'a, na tambayi yaran da haƙuri. Ta yi kuka, na jira ta gama. Na manta ana naɗar wayoyinmu.

Mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofishinsa. Ɗan Jidda ne, mutumin kirki. Ya tambayi maigidana, ya tambayi yarana, ya tambayi ƙafar surukata, ya sa aka kawo mini gahawa. Sannan ya gyara zama ya karanta mini laifina: shiga sirrin abokin ciniki, da addu'a a layin kamfani. Ko murmushi bai yi ba, Umma. Ya ce in sa hannu a takardar gargaɗi, in sake zama ajin.

Bai ambaci iƙama, takardar zama a ƙasa, ba, kuma ba sai ya ambata ba. Kamfanin ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, watan gobe za a sabunta ta. A garin nan aka haife ni, amma ke kin fi kowa sanin abin da mutum ke zama a cikinsa idan ba ta a jaka.

Na sa hannu. Na ma yi godiya da gahawar.

Jiya Hajiya Mariya ta sake kira. Na karanta mata abin da aka rubuta mana: barka da kira, da me zan taimaka? Can a hankali ta ce, "Zainabu, lafiya kuwa? Ko ke ma an yi miki rashi ne?" Ta shiga tambayar yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, tunda ita dokar ba ta hau kanta ba. Ni kuwa ina kallon jan ɗigon da ke nuna ana naɗa, ina cewa, lambar kayanki, Hajiya.

Ban iya amsa mata ba, shi ya sa nake amsa miki. I, an yi mini rashi. Ya daɗe, amma jiya ya dawo mini sabo, domin na so a ce akwai wadda za ta ce mini in dawo, ban gama gaisuwa ba.

Ya kwanan kabari, Umma? Ya Baba, ya sauran mutanenmu da suka riga mu? A nan babu mai naɗa, sai in tambaya son raina.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba Hajiya Mariya haƙurin rashin mijinta, Ya ba ta haƙuri da ni.

Taki har abada,
Zainabu