Gwiwoyin Teopista

Lahadi, 18 ga Janairu, 2004

Matata Teopista ta dawo daga coci da sabon salo. Wai Fada Rutaihwa zai ɗaura auren taro ranar Waliyyi Balantino, ga duk masu zaman "auren gida". Auren gida! Saniya na kai wa ubanta, da tulunan giyar ayaba, duk ƙauye ya shaida. Yanzu yaron da aka haifa bayan aurenmu zai ce bai ɗauru ba.

Na ce ba da ni ba. Ta ci gaba da ɓare ayabarta.

Laraba, 21 ga Janairu

Fada ya zo da kansa, a kan babur. Ya zauna ya zuba mini tatsuniya: wai wani sarkin Rum ya hana sojoji aure, Balantino ya riƙa ɗaura musu a ɓoye, aka sare masa kai.

Na ce, "Fada, sarkin nan ya fi ka sanin soja. Na yi yaƙin Kagera. Mai tunanin gida shi ke fara kwantawa."

Ya ce, "Amma kai ka dawo, Baba."

Yaro mai bakin tsiya. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin kabarin mutumin. Ya ce labarin ma iri-iri ne. To! A kan ƙila-wa-ƙala zan sa kwat.

Asabar, 31 ga Janairu

Jajayen furannin roba sun cika kasuwar Bukoba. Waliyyin 'yan kasuwa.

Alhamis, 5 ga Fabrairu

Yau Teopista ta yi magana. Wai tun da ta shigo gidana ba ta karɓi jibin Ubangiji ba, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a coci, doka ta hana sai Fada ya ɗaura auren a gaban bagade. Kamar ban sani ba. Ta kira ni da sunan 'yarmu:

"Baban Kokusima, ba zobe nake so ba. So nake in karɓa kafin a kai ni a akwati."

Na ce ta daina yi mini fatan mutuwa a gida. Haushi ya hana ni cin abinci.

Lahadi, 8 ga Fabrairu

Na je cocin don in ce wa Fada ya fita harkar gidana. Na zauna a baya.

Da aka tashi karɓar jibi, layinsu ya miƙe kaf, Teopista kaɗai a zaune. Ta karkatar da gwiwoyinta gefe, ana ta wucewa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, jikinta ya riga ya saba. Har Leokadiya mai gidan giya ta taka mata ƙafa, kuma Teopista ce ta ba ta haƙuri.

Matar da ke share cocin nan duk Asabar.

Ban tsaya ganin Fada ba. Na dawo ta gona.

Asabar, 14 ga Fabrairu

An ɗaura mana. Kwat ɗin ya matse ni. Wa'azi ya yi tsawo. Har yanzu ban yarda da labarin Balantinon nan ba, kuma na faɗa wa Fada a bakin ƙofa.

Lahadi, 15 ga Fabrairu

Na raka ta coci, don hanya ta yi laka. Ni ne a bakin benci.

Lokacin jibi ya yi, sai na ga ta fara karkatar da gwiwa, sannan ta tuna. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta zungure ni.

"Tsoho, janye ƙafarka. Zan wuce."

Na janye.