Babu Kada a Edmonton

Zuwa ga ƙanena Malam Garba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Yauri baki ɗaya. Yaya ƙafar Hajiya? Mu nan lafiya lau, sai gajiya.

Jikanmu Sadiku ne ya gajiyar da ni. Yana son koyon nutso a teku, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya, amma malaminsu ya ce sai ya fara iya dogon iyo ba hutawa. Kowace Asabar nake raka shi wurin iyo a Edmonton, unguwarmu a nan London, cikin sanyi, gwiwoyina suna ciwo. Gwajin farko ya faɗi, har ya ce zai bari.

Ni ina gefe ina ta ihu, "Ɗaga kai!" kamar yadda Baba ya koya mana a kogi, don mutum ya ga abin da ke tahowa. Malamin kuwa so yake ya tsoma fuska ya fitar da numfashi cikin ruwa, wai ɗaga kan ne ke cinye masa ƙarfi. Rannan yaron ya tsaya yana haki, ya ce da Hausarsa ta London, "Tsoho, babu kada a Edmonton!" Daga ranar na kama bakina.

Jiya ya ci gwajin. Garba, murna ta sa ni hawaye a gaban Turawa.

Ku sa shi a addu'a, domin teku ba Edmonton ba ne. Ka gaida Hajiya da yara.

Yayanka,
Alhaji Sani