Rawar Wendell a Duniyar Wata

Litinin, 2 ga Disamba, 2019
Wani Curtis ya bugo waya daga ƙaramin gidan silman unguwarmu. Za su nuna shirin talabijin ɗin nan na 1979, na bikin Kirsimeti a duniyar wata. Duk shekara suna nuna shi don a taru a yi masa dariya. Wai ya ji mijina Wendell ne dodon da ya yi rawa a ciki, ko zan zo? Na ce Wendell ya rasu tun Afrilu. Ya yi ta ba ni haƙuri, amma bai janye gayyatar ba.

Laraba, 4 ga Disamba
Shirme ne, ba sai an faɗa mini ba. Ni na ɗinka kayan dodon da tsohon labule. Sau ɗaya gidan talabijin ya nuna shirin, ya ɓoye abinsa don kunya. Shekara arba'in Wendell bai yarda an yi zancen a gidan nan ba.

Asabar, 7 ga Disamba
Ƙanwata Darlene ta kawo mini kek. "Yaya, kar ki je. Da safa suke jifan allo in ya fito. Mijinki ne fa!" Na ce ai ba a ganin fuskarsa. Ta ce, "To me za ki je gani?"
Hotunansa cike da akwati, duk yana tsaye ƙiƙam. Babu inda yake motsi sai a wannan shirmen.

Talata, 10 ga Disamba
Ba zan je ba.

Asabar, 14 ga Disamba
Na je. Ƙarfe biyu na rana. Na zauna can baya, ban gaya wa Curtis ba.
Gaskiya shirin ya cancanci zagin. Ana ganin zaren da aka rataye jirgin zuwa watan da shi. Mutum-mutumi ya yi waƙa minti tara, kai, har ni sai da na dara.
Sai dodon ya fito. Aka yi ruwan safa. Ina laluben jakata zan fita, sai na ga jama'a sun miƙe, mutum wajen ɗari biyu, suna rawar tare da shi, taku da taku. Kowa yana jan ƙafar hagu. Sun ɗauka cikin rawar ne. Targaɗe Wendell ya yi ana gobe za a ɗauki shirin, ni na ɗaure masa.
Matar da ke gefena ta dungure ni. "Mama, tashi mana, nan ne wajen daɗin!" Na ce gwiwata na ciwo. Ta ce, "Ni da wannan rawar muka buɗe fili ranar aurena."
Ƙafar nan ba ta taɓa warkewa sarai ba. Haka yake jan ta in ya gaji, daga mota zuwa ƙofa. Wata takwas ban ga tafiyar nan ba, sai yau, sau ɗari biyu.

Lahadi, 15 ga Disamba
Darlene a waya: "Ya yi muni kamar yadda ake faɗa?" Na ce har ya fi.
Masu rawar jiya suna kuskure wajen juyi. Hannu suke fara ɗagawa, shi kuwa kafaɗa yake fara saki. Na gwada a kicin don in tabbatar, shi ke nan. Ba rawa nake yi ba, ruwan shayi nake jira ya tafasa.
Ya tafasa har ya ƙone.