Idon Yayana a Ɗakin Baba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin da ke cikina ya fi ƙarfin haƙurina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a cikin dangi ba tare da maganar ta zaga ba.

Ni tela ce, kuma ni ce auta a gidanmu. Tun da Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na kwaso keken ɗinkina na dawo gidansa, da yardar maigidana, Allah ya saka masa. Ni ke juya Baba, ni ke ba shi abinci a baki, ni ke wanke abin da ba a faɗa. Yayana, babbanmu, yana aiki a wani gari mai nisa. Rabonsa da gida tun Baba na iya zama da kansa.

Kwanakin baya sai ga saƙo daga wurinsa: kyamara ce 'yar ƙarama, mai juya kai kamar mujiya. Ya ce a haɗa ta da wayfai ɗin gidan don ya riƙa ganin Baba a wayarsa. Wallahi Anti murna na yi. Na ajiye ɗinkin mutane, na sauke manhajar, na nuna wa kyamarar hoton lambobin da ke wayata kamar yadda takardar ta ce, ita kuwa sai ƙifta jar wuta take yi. Ashe bangon ɗakin Baba ya yi kauri, siginar ba ta isa. Na jawo na'urar wayfai daga falo zuwa bakin ƙofarsa, na sake buga lambar sirrin ban san sau nawa ba, har wutar ta koma shuɗiya. Na ɗaga hannun Baba mai lafiyar na ce ya gai da ɗansa. Ban san ni ce kazar nan mai tono wuƙar yanka kanta ba.

Kyamarar tana da baki. Ina tsaka da shafa wa Baba mai sai muryar Yaya ta fito daga saman kwaba, wai matashin ya karkace. Ina ba shi magani, wai me ya sa na makara. Na fita shanya, wai ina na tafi na bar tsoho shi kaɗai. Bai taɓa buɗe bakin nan ya ce mini sannu ba. Daga baya na gano ya ba matarsa da wata ƙanwar Baba lambar shiga, su ma suna kallo. Gwaggon ce ta kira ni tana mini faɗa a kan zanen gado, a nan na gane. Ni da ke tuɓe mahaifina in goge masa jiki, ashe kasuwa ake ci a kanmu.

Baba bakinsa ya yi nauyi, amma hankalinsa ras. Mutumin da a da ko hula ba ya cirewa a gabanmu, yanzu da ya ji kyamarar ta motsa sai ya juya fuska bango, ya ja mayafi da hannu ɗaya.

Sai kamfanin intanet suka zo suka canza mana na'ura, sunan wayfai da lambar sirri duk suka sauya, kyamarar ta daina aiki. Ina asibiti karɓo wa Baba magani a lokacin. Kafin in dawo gida Yaya ya rubuta a dandalin 'yan'uwa na waya cewa na kashe ta da gangan, akwai abin da nake ɓoyewa. Babu wanda ya tanka masa, har waɗanda na yi wa ɗinkin aure kyauta.

Yanzu tana nan tana ƙifta ja. Na san yadda ake gyarawa: a danna ɗan ramin bayanta da allura, a sake haɗa ta da sabon wayfai. Allura kuwa ba ta yi mini wuya ba. Hannuna ne ya ƙi. Idan na haɗa, na yarda ni abar tuhuma ce. Idan na ƙi, na gaskata shi. Ya zan yi?

Autar Baba

Autar Baba, sannu. Na fara da wannan ne don na lura an daɗe ba a ce miki ba. Allah ya saka miki da alheri.

An ɓata miki, ba shakka. Zargi a gaban dangi ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sai dai ki ɗan duba ɓangaren yayanki. Wanda ya yi nisa da mahaifinsa yana kwance, kunya da tsoro ke cinsa, kuma sau da yawa irin wannan ba ya fita daga baki sai a siffar faɗa. Matashin da ya karkace shi ne kaɗai abin da hannunsa ke iya kaiwa daga can. Wannan bai wanke shi ba, amma zai taimake ki ki yi masa magana ba tare da wuta ba.

Ke da shi kuna ja-in-ja a kan ɗakin da ba naku ba. Baba yana da hankalinsa, saboda haka ki zauna ki tambaye shi a hankali, ya amsa ko da da kai ne: yana son kyamarar, kuma a ina? Abin da ya zaɓa shi ne hukunci.

Daga nan ki kira yayanki shi kaɗai, ba a dandali ba. Ki gaya masa yadda aka canza na'urar, ki gaya masa abin da Baba ke yi da mayafi, don ina zaton bai taɓa fahimtar abin da yake gani ba. Ki nemi ya gyara maganarsa a inda ya ɓata ta.

Idan Baba ya yarda a mayar, ki mayar da sharaɗi. A sa ta inda yake zama da rana, ba saitin gado ba. A rufe ta lokacin wanka da canza kaya. Ki sa sabuwar lambar shiga da kanki, ta tsaya tsakanin ku biyu. Lasifikarta kuma ta gaisuwa ce da Baba. Wanda ke da gyaran da zai yi miki ya kira wayarki. Idan Baba ya ƙi, kiran bidiyo a lokacin da ya shirya ya wadatar.

Abu na ƙarshe, kada ki ji nauyin faɗa masa: zumunci a ƙafa yake. Ya ɗauki hutu ya zo ya karɓe ki na 'yan kwanaki, ke ma ki je ki kwana a ɗakinki. Jikinki na da haƙƙi a kanki, maigidanki ma haka.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya huce miki zuciya, ya daidaita tsakaninku tun yana raye yana gani.