Inna Ta Ɗauka Ni Ne Mai Gidan

Anti, don Allah ki cece ni. Ni tela ne. Bara na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina saboda ciwon zuciya, likita ya ce kada a tayar mata da hankali ko kaɗan. Kafin ta zo, a waya na ce mata na kama gida, wato ciki da falo a gidan haya mai ɗaki takwas. Ita kuwa ba ta taɓa zaman haya ba, sai ta ɗauka saya na yi. Ta yi ta kuka tana sa mini albarka, ni kuma na kasa gyara mata. A wurinta ɗan haya mutum ne mara tushe.

Matata maigida take ce mini. To duk sanda maƙwabta suka ce mai gida ya hana shanya a bakin rijiya, Inna sai ta ɗauka ni ake nufi. Har faɗa take musu, wai 'yan hayar ɗanta sun raina shi. Shekaranjiya mai gidan na gaske ya zo duba rufi, da ya ce gidansa ne, sai Inna ta kore shi da tsintsiya. Ya ce ranar Asabar zai dawo ya faɗa mata ko gidan waye a gaban kowa. Wallahi ko zare na kasa zurawa a allura. Idan ta faɗi fa? Ni na kashe ta ke nan?

Tela mai fargaba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Ba ƙarya ka shirya ba, amma ka bar ta ta yi shekara, wannan laifinka ne. Mai gidan ma yana da gaskiya, an kore shi daga gidansa. Je ka same shi yau, ka ba shi haƙuri, ka gaya masa ciwonta, ka roƙi kwana biyu.

Ka tambayi likitanta yadda za a yi. Sannan ka zauna da Inna da safe, bayan ta sha magani, matarka na kusa. Kada ka sake cewa ka kama, ka ce haya, ƙarara. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi fushi. Amma uwa tana iya jure ɗanta ba shi da gida. Abin da zai kayar da ita shi ne ta ji a bakin wani, a tsakar gida, ana kallonta.

Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka naka na kanka tana raye.